Faifan da Ya Ƙare Rana Ɗaya

"Hajiya, tarihin kiɗan rock ya canja," in ji wani dattijo ga wata mata da ke kusa da shi a layin motar Birmingham, a tashar Manchester. "Faifan ƙungiyar yaron wajena ya fito jiya, yau babu ko ɗaya a shago."

"Masha Allah, Alhaji. Da daɗi?"

"Ihu ne da jita. Amma ɗan fari ne, ba na iya yabonsa ido da ido. Sai na bi shaguna na saye duka."

"Ya sani?"

"Ina fa. Ya ce tunda Ingila na son sa, ya bar jami'a. Faya-fayan suna akwatin nan, zan ɓoye su a unguwar Small Heath, can Birmingham."

Direba ya jinjina akwatin, ya ce sai an biya kuɗin kaya. Dattijon ya biya.