Yadda Na Sami Ɗaki a Gidan Alaja

Ɗan akuya ne ya kai ni Badun, can ƙasar Yarbawa. Ja ne, fitinanne, ya gama da ramar maƙwabta kaf, ranar da na ja shi zuwa kasuwar Dutsin-Ma har rakiya aka yi mana ana sa albarka. Kuɗinshi Inna ta ɗinke mani a ƙugun wando, ta ce kada in kwance sai na ga inda mota ta ƙare. Na bar Wurma kwana tara bayan sunan ɗiyata ta fari. Ko fuskarta ban ƙare wa kallo ba, don kun san ɗan fari ba a zura mashi ido a gaban mutane.

Safiya, aje wayar nan tukuna. Tun hantsi ke da Mubarak kuke musu a kan littafin nan na cikin waya, na 'yan birnin da ke neman gidan haya, kun hana kawunku gyangyaɗi. Ke kin ce kin karanta har tuwo ya kama, ƙirjinki na dukan uku-uku don ki ji abin da ke bayan ƙofar da mai gida ya hana a buɗe. Shi ya ce shirme ne, an gina tsoro hawa bakwai, ƙarshe aka ce kyanwa ce ta haihu a ciki. Kun ma karanto mani abin da jama'a suka rubuta a ƙarƙashi. Wata ta yi dariya har mijinta ya fara yi mata tofi. Wani ya ce a maido mashi da datarshi. Wani kuma ba ruwanshi da kyanwa, shi dai a faɗa mashi unguwar, ɗaki yake nema. Duk cikinsu wannan ne mai hankali.

Me ka ce, Mubarak? Wai ƙarya ce, ba mai gidan hayar da zai tsare mutum da tambayoyi kamar alƙali? To gyara zama. Kai ko hayar keke ba ka taɓa yi ba.

A Badun dako na yi a kasuwar hatsi. Kwana kuwa a rumfar ubangidanmu, mu da yawa kamar kifin gwangwani, in mutum zai juya sai ya yi shela. Haka na yi shekara ɗaya da rabi. Amma duk wanda ya kira daga gida sai in ce lafiya lau, birni ya karɓe ni. Bakina ne dai, kun san shi. Rannan surukina Malam Ilu na Tamawa, mahaifin Lami matata, ya kira ni da kanshi.

"Kana da muhalli dai ko?"

"Ciki da falo, Baba. Har da famfo."

"Madalla. To zaman yarinyar nan ya isa haka. Motar gero za ta taso daga Dutsin-Ma ran Litinin, na yi magana da direba, zai ba ta gidan gaba ita da goyonta. In kuwa ba ka shirya riƙonta ba, faɗa mani yanzu in san abin yi."

Kun san abin da dattijo ke nufi in ya ce zai san abin yi. Na ce a shirye nake. Ya kashe waya, na tsaya da buhu a ka, na manta inda zan kai shi. Ranar Alhamis ce.

Daga nan ƙafata ba ta sake hutawa ba. Aka haɗa ni da dillalin gidaje, su can ejan suke cewa. Kwat ɗaya gare shi, ba ya cire ta ko rana za ta narka kwalta. Ya tambaye ni selkwanten nake so ko fesmi-fesyu. Na ce ni ba abinci na zo ci ba. Ashe na farkon ɗaki ne mai banɗaki a cikinshi, ka ji ƙazanta, mutum ya kwana da masai. Na biyun kuwa ɗakuna ne a jere suna kallon juna, in ka yi atishawa na gabanka ya ce yarhamukallahu.

Ɗakin farko da ya kai ni, don ƙanƙanta sauro ma sai ya fita waje yake juyawa. Na biyu fes da shi, sabon fenti, amma na ga wani layi a bango daidai ƙirjina. Ni da na tashi a fadama! Na ce, "Malam ejan, nan ruwa ke kaiwa da damina?" Ya ce ado ne. Na ce to adon har da ƙwaryar katantanwa a taga? Na uku kuwa mun tarar da mutum a ciki yana aske gemu, ejan ya ce kada in damu, gobe zai tashi. Mutumin ya ɗago aska ya ce, "Wa zai tashi?" Ban san ejan na iya gudu da kwat ba sai ranar.

Ubangidana ya tare ni ran Asabar.

"Ina kuma za ka? Buhunan nan ƙafa gare su?"

"Alhaji, iyali ke tafe."

"Iyali? A rumfata?"

"Ɗaki nake nema."

"Da ka nema kafin ka yi aure."

Na haɗiye, don mai neman ɗaki ba ya zubar da aiki. Abinci ma a tsaye nake ci. In na rufe ido motar gero nake gani tana tahowa, Lami a gaba ta rungume ƙullin kaya.

Ran Lahadi da la'asar, mun gaji har ejan ya fara cire maɓallin kwat, ya ce saura gida ɗaya, amma mai shi ba ta da sauƙi. Alaja ake ce mata, wato Hajiyarsu ta can. Tsohuwar 'yar kasuwar goro ce, tana jin Hausa, sai dai namiji ma "ke" take ce mashi. Zan gyara maku maganarta don kada ku ruɗe. Ɗakin ya yi. Ba falo, ba famfo, amma akwai rijiya, ƙofa na rufuwa, bango ba layi. Na ji kamar in rungume shi.

Alaja na zaune kan kujera ta dube ni tun daga hula har silifa.

"Ba na ba gwauro ɗaki. Na taɓa ba wani, ya aro mace ya nuna mani, bayan sati ɗaya mace ta ɓace, ƙarti takwas suka tare. Kana da mata?"

"Akwai."

"'Ya'ya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "To, akwai dai wata 'yar yarinya a gidan."

"Taka?"

"Haka ake cewa."

Safiya, daina dariya, ke ma in kin haihu za mu gani. Su can al'adarsu kishiyar tamu ce. Da mutum ya haihu sunanshi ya tafi hutu, sai dai Baba Wane, Mama Wance, da sunan ɗan fari ake kiranshi har kabari, kuma da alfahari. Shi ya sa ta tambaya hankalinta kwance, "To Baba wa za mu riƙa kiranka?"

Nan gumi ya keto mani. Ɗiyar fari ce, wannan ɗaya. Na biyu, sunan Inna aka sa mata, mahaifiyata. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa ratsa haƙorana ba. Ko wata mai irin sunan na haɗu da ita, sai dai in ce mai sunan Inna. Na yi ta murza hula, can na ce, "Ummi ake ce mata."

Alaja ta ce, "Uban da sai ya yi tunani kafin ya tuna sunan ɗiyarshi. To. Su iso in gan su da idona, sannan makulli."

Motar ta iso ran Talata da hantsi. Lami ta sauko ƙafafu a kumbure, geron da ya zubo duk ya maƙale a gyalenta. Ba ta tambaye ni ciki da falo ba. Ta dai dubi rumfar, ta dubi ƙartin da ke ciki, ta dube ni. Gara ta zage ni da wannan kallon. Na ɗora kayanta a ka muka nufi gidan Alaja, ina tafe ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Muka tarar 'yan haya sun fito kallo, masu wanki sun bar wanki, ejan ma ga shi tsaye a gefe. Alaja ta sa aka ba Lami ruwa, sannan ta fara.

"Mene ne sunan mijinki?"

Lami ta ja gyale ta rufe fuska. Macen kirki daga Tamawa ta faɗi sunan mijinta, a gabanshi, a gaban taro? Ai ko a kotu sai an sha fama.

"Ba ta sani ba," in ji wata mai wanki.

"To wannan ta bayanki, ɗiyarki ce?"

Daga cikin gyale Lami ta ce, "Ta Inna ce."

"Wace Inna?"

"Tana gida."

Gida ya ɗau guna-guni. Alaja ta miƙe ta ce a kwanto yarinyar a miƙa mani. Yarinyar da rabona da ita tun tana jan tsumma! Tana ganin gemuna ta callara ƙara kamar an tsunkule ta, tana ture ni da hannu da ƙafa. Na dubi inda ejan yake, sai inuwar kwat.

"Ina takardar yarinyar nan?"

Lami ta zaro katin riga-kafi daga jaka. Alaja ta sa tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kife katin a ƙirjinta.

"Ba Ummi a nan. Mace ba ta san sunan miji ba, ta ce ɗiya ba tata ba ce, ɗiya ba ta san uba ba, uba bai san sunan ɗiya ba. A rufe ƙofar gida. A kira 'yan sanda."

Na ji ƙarar sakata. Wata ƙatuwar mata ta karɓe yarinyar daga hannuna ta koma bayan Alaja da ita. Lami ta yaye gyale, kunya ta ƙare, ta yi kukan kura za ta bi ta, aka tare. Na yi ta bayani, al'ada ce, kara ce, haka muka gada. Wa zai saurara? Alaja ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Abu ɗaya. Faɗi abin da ke rubuce a nan."

Lami ta dube ni. Ita ba za ta iya ba, sunan surukarta ne. Yarinya na miƙo hannu tana shiɗewa. Na ce a raina, Inna ki yafe mani. Na faɗa.

"Ban ji ba."

Na ƙara.

"Da ƙarfi! Buhu ka iya ɗauka, suna ya fi ƙarfinka?"

Na rufe ido na kwarara shi, har kajin gidan suka watse. Ku kada ku zuba mani ido, kun san sunan kakarku, ba zan maimaita maku ba.

Alaja ta dubi kati, ta dube ni, ta ga hawaye a gemun ƙato. Ta tambayi dalili, wannan karon ta saurara. Da ta gane sunan uwata ne, sai ta dafa kai ta yi salati, ta karɓo yarinyar da kanta ta ɗaura wa Lami, ta sa aka kawo mana amala, tuwonsu na can, da miyar da ta kusa cire mani hanci. Ta miƙo makulli ta ce, "Ungo, Baba Wance."

Wance na ce maku, amma ita sunan Inna ta faɗa ɓaro-ɓaro, kuma shi ke nan, sunan ya zauna. Shekara huɗu muka yi a gidan. Safe da yamma, daga bakin rijiya, daga kan titi, "Baba Wance, zo ka ɗaga mani jarka!" "Mama Wance, shanyarki ta faɗi!" Mai kifi ta ɗauka, mai gyaran rediyo ya ɗauka. Kullum aka kira sai na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Na roƙi Alaja ta canza, ta ce suna mai daɗi haka, ɓarawo ne kawai ke ɓoye shi.

Da ƙugu ya fara ba ni labari, muka tattaro muka dawo Wurma. Ban zo da mota ba, na zo da keken ɗinkin Lami da ciwon baya. Na gargaɗe ta tun a hanya kada maganar nan ta fita. Amma sirrin da mace ta riƙe shekara huɗu ai ya nuna, jira yake a taɓa reshe. Kwana uku da sauka Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na tsuguna nesa.

"Matso. Aka ce ka yi shelar sunana a ƙasar Yarbawa."

"Inna, tilas ce ta sa. Za su raba mu da yarinyar."

"Har mai kifi ta san shi."

Na jira abin da zai biyo baya. Ta ci gaba da ɓara, ba ta dube ni ba.

"Da aka kawo ni gidan nan Amarya aka ce. Da na haife ku aka ce Inna. Yanzu Kaka. Tun rasuwar Baffana ba wanda ya sake kirana da shi, har na zaci ya bi shi. Ashe yana can Badun yana yawo ba ni." Ta karkaɗe ɓawon da ke zanenta. "Faɗi in ji."

"Haba Inna."

"Ka faɗa wa mai gidan haya. Ni da na ba ka ɗaki wata tara ban tambaye ka komai ba fa?"

Na waiga, ba kowa a tsakar gidan sai tumaki. Na sunkuyar da kai na faɗa, a hankali, yadda ko tumakin ba su ji ba.

Ta ce, "Na'am."