Wai Ni Na Shanye Ƙwayar Biri

Akuyata ja na sayar, da 'ya'yanta biyu, na yi kuɗin mota zuwa Legas. Saratu, matso da kwanon gyaɗar nan, hannu na ɓara kunne na ji. Tunda kun ce da an gama girbi ku ma sai birni, bari ku ji yadda ni goggonku Rifkatu na je na dawo.

Lokacin shekarata huɗu a gidan Bitrus, ba haihuwa. Mutumin da ya yi wa babana golmo shekara bakwai ke nan, yana noma mana gona kafin a ba shi ni. Gonarmu ta wajen Danko ta gagari zuwa saboda masu bindiga, muka tattaro muka dawo Rikoto a cikin Zuru, shi yana kabu-kabu da babur ɗin wani, ni ina zaune. Sai Laraba ta bugo waya. Laraba fa tare muka yi wasan ƙasa, rana ɗaya aka yi mana baftisma, ita ta riƙe mini gyale ranar aurena. Ta ce akwai aiki inda take, gidan dabbobi na wani attajiri a bayan Legas, ana neman mace mai haƙuri wadda ba ta ƙyama. Bitrus ya ce in je in yi shekara guda mu gani.

Da na isa, manaja ya ce za a ba ni cimfanzi. Ni kuwa "cin fanke" na ji. Na ce wa Laraba da yarenmu, aikin nan da daɗi, har fanke ake ci? Ashe wasu manyan birai ne baƙaƙe, ba irin jajayen nan masu ɓarnar dawa a kan dutse ba. Tsayinsu ya kai ƙirjina, hannunsu kamar na mutum, har da farce. Biyu ne. Namijin ana ce mishi Janar, macen Sisi. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Nan aikina yake. Likitar dabbobi, wata Bayarabiya siririya mai tabarau, ta zaunar da ni ta fito da wani kati mai ƙananan ƙwayoyi jere. Ta ce sunansa kontirasefti. Wata uku ina kiransa "kwantar da Sefti", ina zaton Sefti wata dabba ce da ban gani ba tukuna. Ku daina dariya, ku ma za ku je. Ƙwayar tsarin iyali ce, irin dai wadda ake ba mata a asibiti, ba bambanci. Likita ta ce wa da ƙanwa ne, in suka haihu ɗan na iya zuwa da naƙasa, kejin kuma ba ya ɗaukar uku, birin nan kuwa sai ya yi shekara hamsin bai mutu ba. In aka raba su, Sisi ta daina cin abinci. Don haka ƙwaya ɗaya kullum, ƙarfe bakwai na safe, ba fashi.

Ba da ita kuma sai dabara. In ka tura ƙwayar cikin ayaba, Sisi za ta ɓare ta, ta lalubo ƙwayar da leɓe, ta miƙo maka abinka ta tsakanin ƙarafa. Sai na koma daka ta a cokali, in kwaɓa da zuma, in tsaya dab da kejin in ba ta a baki, in jira ta haɗiye. Janar kuma in jefa mishi rake can gefe don kada ya ƙwace. Wani lokaci ina ba ta ina cewa, Sisi, ni ina roƙon Allah ciki, ke ana hana ki. Ta kama yatsana tana duba ƙarƙashin farcena.

Katin ƙwayar a jakata yake kwana, likita ce ta ce haka, don ɗakin ajiya zafi gare shi kuma abu na ɓacewa. Ɗaki ɗaya muka kama da Laraba a gidan wata tsohuwa da ake kira Mama Lanlodi. Rannan ta tare ni a bakin rijiya.

"Ke Hausa, kada ki ƙara taɓa gugana."

"Mama, ni ba Bahaushiya ba ce, 'yar Zuru ce."

"Duk ɗaya ne. Warin biri kike."

"Birin ne ke biyan hayar ɗakinki."

Sati biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ni da Laraba muka yi ta dariya, har muka sayi namu gugan.

Da Kirsimeti ya matso na roƙi hutun sati biyu in zo gida. Laraba tana wajen tsuntsaye, jimina da ɗawisu, amma manaja ya ce ta riƙe mini Sisi. Na nuna mata komi, cokali, zuma, raken Janar. Ta ce in tafi hankalina kwance.

Bayan na koma da kamar wata biyu na ga Sisi ta canza. Kwanciya da yawa, ta ƙi lemu, ga ƙyuya. Na gaya wa likita. Aka tari fitsarinta aka tsoma ɗan tsinken gwaji irin na mata. Layi biyu. Likita ta cire tabarau ta goge ta mayar, har yanzu layi biyu.

Washegari da safe muna wanki Laraba ta fashe da kuka. Ta ce, "Rifkatu, tsoronta nake ji. Ranar farko ta cafke mini zane. Tun daga nan daga nesa nake jefa ayaba da ƙwayar a ciki, Janar ke cafewa ya cinye. Don Allah ki rufa mini asiri, ƙannena uku ni ke riƙe da makarantarsu."

Na ce ta share hawaye. Na ce in an tambaye mu, mu ce wataƙila ta tofar ba mu gani ba, dabba ce. Har na ɗauraye mata sauran kayanta.

Aka kira mu ofis, ga manaja ga likita. Ashe maigida, attajirin nan, ya yi faɗa sosai, ya ce sai an fito da mai laifi. Manaja ya tambaye ni, na faɗi abin da muka shirya. Ya juya ga Laraba.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Oga, ban so in faɗa ba, 'yar garinmu ce. Ƙwayar nan a jakarta take kwana. Da idona na ga tana sha. Birin zuma kawai take ba ta."

Kun san in mutum ya taka ƙaya, akwai ɗan lokaci kafin zafin ya iso? Haka na tsaya. Sai da manaja ya ce, "Haka ne?" sannan bakina ya buɗe. Na zayyana komi, ayaba, Janar, kukan wajen wanki. Amma wa zai yarda? Yanzun nan na ce wataƙila ta tofar, yanzu kuma na canza magana. Likita ta ce a gwada jinina a gani. Manaja ya ce ba shi da lokacin wannan, maigida na jiran suna ɗaya, ya samu. Kafin azahar an karɓe mini rigar aiki da takalmin roba. Ko sallama da Sisi ba a bar ni na yi ba. Ina fita ƙofa ina jin ihunta.

Laraba ba ta kwana ɗakin ba, ta tafi wajen wata ƙawarta. Na ɗauka abin ya ƙare a Legas. Ashe ta ji tsoron in riga ta kawo labari gida, sai ta bugo wa uwarta ta faɗa mata irin nata. Uwarta kuwa 'yar zumuntar mata ce a cocinmu. Ni ina cikin mota kwana ɗaya da wuni, labari ya riga ni sauka.

Ku duba yadda ƙarya ɗaya ta yi aiki biyu. A can ta bayyana cikin biri. A nan ta bayyana rashin cikina. Uwar Bitrus ta ce yanzu ta gane abin da ya sa shekara biyar shiru. Wasu kuma suka ce, matar da mijinta ke Zuru, me take da ƙwayar hana ciki a Legas? Wannan ta fi ciwo.

Na sauka tasha, Bitrus ya zo da babur ya ɗauke ni. Muka wuce shagon Inyamurin nan mai kayan gini. Sai ya tsaya gindin wata bishiya, ya kashe babur, bai waiwayo ba.

"Rifkatu, gaskiya ne?"

Da zagina ya yi da na jure. Na ce, "Shekara bakwai kana noma gonar babana, kana kallona ina kawo maka ruwa. Yau ni kake tambaya?"

Ya ce, "Mutane na magana."

Na sauka na ɗora jakata a kai, na taka da ƙafa zuwa gidan babana, gidan nan da kuke zaune. Ya zo biko sau biyu, har da fasto. Kowane zuwa sai ya ce ya yafe mini. Na ce ban yi abin da za a yafe mini ba, ranar da ya gane haka ya dawo. Bai dawo ba. Yana Kanya yanzu da iyalinsa, Allah ya raya musu.

Ni kuma na kama awon hatsi a kasuwa. Bara ina zaune bakin buhuna sai ga Laraba, ta yi ƙiba, da jaka mai sheƙi. Ta ce, "A'a, Rifkatu! Kwana da yawa," kamar jiya muka rabu lafiya. Ta ce in auna mata dawa mudu uku. Ina awo ta ciro waya ta ce, "Ai Sisi ta haihu, namiji. Kin gan shi."

Na karɓa. Ga Sisi zaune, furfura ta fara fito mata a haɓa, ɗan ya maƙale a ƙirjinta, hannunsa ɗaya a shanye. Na daɗe ina kallo. Na jira ko Laraba za ta ce wani abu. Ta ce dawar bana ta yi tsada.

Na miƙa mata wayarta. Na shafe bakin mudun da tafin hannuna, sau uku, daidai wa daida. Ta tsaya riƙe da bakin buhu a buɗe tana jiran gyara.

Na ce, "Mai bi mata, matso."