Mijin da Ya Dawo Fatalwa

A tashar motar Pereira, Doña Herminia ta ji dattijon gefenta yana tsaki.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Ina lafiya? Kin kalli wasan talabijin na jiya? Mijin nan da ya dawo fatalwa ya yi wa matarsa bankwana."

"Gara haka. Shekara uku ya hana ta sakat. Mamaci ya kwanta ya huta mana."

"Ba ki da tausayi, baiwar Allah." Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Matata ce mai kallo. Da ta rasu na ɗora daga inda ta tsaya. Duk Lahadi nakan je kabarinta in ba ta labari. Yanzu me zan ce mata?"

Herminia ta gyara zama.

"Ka ce mata a dakata tukuna. Mai naci irin wannan, ban yarda ya tafi ba."