Ƙararrawa a Hannun Sarauniyar Makara

A rumfar mai walda, wata mata na zaune da ƙararrawar makaranta a cinya, mariƙin ya karye. Mutumin da ke jiran a gyara masa babur ya dube ta.

"Baiwar Allah, malama ce ke?"

"Ina! 'Yata ce ke kaɗa ta, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. A hannunta ta karye."

"Ashe mai ƙoƙari ce."

"Wa? Ai sarauniyar makara ce! An yi bulala, an sa ta shara, an sa ta tsallen kwaɗo, ko a jikinta. Sai shugabar makaranta ta damƙa mata ƙararrawa, ta ce, in kin makara, kowa ya makara."

"Wannan ai sangarta yaro ne. Mai laifi a ba shi muƙami? Ni nawa bulala ke tashinsa, kullum sai na kai shi har bakin ƙofa."

"Yana shiga?"

"Wani lokaci."

"To tawa yanzu ita ke tashin gidan. Ubanta ma ya daina makara wurin aiki. Da mariƙin nan ya karye kuka ta yi, wai wa zai shigar da yara aji ranar Litinin? Yarinyar da a da sai an yayyafa mata ruwa!"

Mai walda ya karɓi ƙararrawar. Mutumin ya matso, ya rage murya.

"Hajiya, ba su da ta biyu?"