Tubalin Kaka

A tashar bas ta wani gari a Alabama, Ozella Tarver na gyangyaɗi da ƙunshin soyayyen kifi a cinya, sai wani magidanci ya zauna kusa da ita, sanye da hular tsohuwar kwalejinsu ta baƙar fata.

"Ɗana, kai ma kwalejin za ka?" in ji ta. "Wai za a haɗe mu da babbar jami'ar jiha."

"Gara haka, Mama. Rufi na yoyo, malamai sai guduwa suke."

"Mu da gonar makaranta ta ciyar! Shanunmu, dankalinmu. Jiya ma na yi mafarkin an sake hura wutar gasa tubali, yara na kwaɓa laka suna waƙa."

"Wa zai kwaɓa laka yanzu, Mama?"

"A zamaninmu ba ka gama karatu sai ka dangwala yatsa a ɗanyen tubali, a gasa, a sa a bangon cocin makaranta."

"Na sani. Na kakata na ƙarƙashin taga. Amma gini ai gini ne."

Jakarsa ta zame, guduma da cizal na fasa bango suka faɗo.

"To, wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce cocin za su fara rushewa, su yi wurin ajiye motoci. Ba zan bar tubalinta a can ba."

Ozella ta lumshe ido, ta miƙa masa kifi.

"Nawa na saman nata. Ɗauki nata, kada ka taɓa nawa. Dole wani ya tsaya ya riƙe bangon."