Cire Takalmi a Kashi na Tara

A ɗakin jiran asibitin ƙafar roba a Osaka, Chizuru tana kallon shirin zane mai motsi na masu jikin ƙarfe, sai wani tsoho mai ƙafar roba da ke gefenta ya leƙo wayarta.

"Kashi na nawa ne, 'yata?"

"Na ƙarshe, Baba, inda jarumar ta tarwatsa birnin. Ba kamarsa!"

"Hayaniya kawai. Na tara ya fi."

"Haba! Gidan uwarta fa kawai ta je, ta zauna a ƙofa tana fama da cire takalmi."

"Minti uku cur. Uwar tana tsaye, ba ta gaggauta mata ba."

Chizuru ta dubi sabuwar ƙafarta. Wata biyar rabonta da gida.

"Kai minti nawa ka yi, Baba?"

"Goma. Tawa uwar ma ta jira."