Akwatin Bindigar Baba

ALOIS: Wa ke magana?

KORBI: Baffa Alois, ni ne, Korbi. Ina wuni?

ALOIS: Ɗan jirgin ruwa. Kwana tara da dawowa, sai yau ka tuna ubanka yana da wa. Ya gajiyar hanya?

KORBI: Ta bi jiki. Ya gwiwar?

ALOIS: Tana nan, mun saba. Ya uwarka?

KORBI: Lafiya, tana ƙasa tana gasa biredi. Ya Gwaggo Resi? Ya shanu?

ALOIS: Shanun da na sayar bara waccan? Ɗaga murya, ina rumfar harbi, layin yana yankewa.

KORBI: Tambaya ce dama. Bindigar iska nake nema, mai araha, ta koyon saiti a mita goma.

ALOIS: Mai sifirin ta fi sauƙi, amma tana zillo a kafaɗa. Mai tukunyar iska tsada. Nemi ta hannu, ka duba bakin... Tsaya. Me za ka yi da ita? Ta ubanka fa?

KORBI: Ai don kar in wahalar da ita. Da za a samu mai ƙota ruwan goro, irin tasa...

ALOIS: Mai koyo ina ruwansa da launin ƙota?

KORBI: Baffa? Ba na jinka.

ALOIS: Kana jina sarai. Ran Lahadi ƙungiyar maharba za ta rataye allon tunawa da ubanka Sepp, an zana sunansa, an zana gidanku. Ɗan mamaci ke fara harbi, da bindigar mamaci. Jana'iza ta wuce ka, wannan ba za ta wuce ka ba.

KORBI: Babu ita, Baffa. Akwatin wayam yake. Ni na sayar, daren da zan tafi Hamburg. Na cusa tsohon bargo, na kulle, na mai da mabuɗin.

ALOIS: Bargo mai ratsin kore.

KORBI: Wa ya... ka sani?

ALOIS: Tare muka buɗe da ubanka, sati guda da tafiyarka.

KORBI: Amma Mama ta ce idonsa ne ya raunana, shi ya sa ya bar harbi.

ALOIS: Mutumin da ke karanta jarida ba tabarau har ya mutu? Da ya zo rumfa da bindigar aro, kowa sai ya tambaya. Shekara bakwai yana zuwa ran Juma'a, ya zauna ya ƙirga wa wasu maki.

KORBI: Bai taɓa faɗa mini a waya ba.

ALOIS: Sau nawa ka ɗauka?

KORBI: Baffa, in na sayi mai kama da ita, daga nesa...

ALOIS: Tsofaffin nan sun san ta kamar fuskar matansu. Akwai ta ƙungiya, wadda sababbi ke koyo da ita. Da ita za ka tsaya, kowa ya gani.

KORBI: To Mama? Har yau kowace Asabar tana goge akwatin.

ALOIS: Saboda ita Sepp ya rantsar da ni kar in faɗa. Kai bai rantsar da kai ba.

KORBI: Tsaya, tana hawowa bene. Wai ta kawo mabuɗin in shafa wa bindigar mai. Baffa, ko kai za ka yi mata...

ALOIS: Buɗe mata ƙofa, Korbinian.

KORBI: Baffa? Baffa Alois?